Daga White City zuwa Tafkin Indawgyi: Aikin Jinya a Birged ta 3 ta Afirka ta Yamma, 1944

Mutanen Zariya sun saba da sunan barikin Chindit, inda ake horar da kuratan sojan Najeriya, amma ba kowa ne ya san cewa sunan na wata runduna ce ta musamman da Birtaniya ta jefa a bayan sahun Japanawa a arewacin ƙasar Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ba, balle ya san cewa bataliya uku na sojojin Najeriya suna cikinta. Tun 1924 ake horar da kurata a Zariya, kuma a wancan zamani Hausa ce harshen bariki, har hafsoshin Turawa ma sai sun koye ta. Wannan nazari bai shafi dabarun faɗa ba sai inda ya zama dole. Abin da ya sa gaba lamari guda ne, wato yadda likitocin soja da malaman jinya da masu ɗaukar majinyata suka yi aiki tare da Birged ta 3 ta Afirka ta Yamma daga Afrilu zuwa Agusta na 1944, yadda aikin ya yi kyau muddin jirgin sama yana iya sauka, da yadda ya koma kan kafaɗar mutum bayan damina ta cinye filayen saukar.

Asalin lamarin

A farkon 1943, a tafiyar farko ta rundunar Chindit, Birgediya Orde Wingate ya shiga Bama da ƙafa tare da sojoji kimanin 3,000, domin su farfasa layin dogo su kuma dama wa Japanawa lissafi. Waɗanda suka dawo Indiya ba su kai 2,200 ba, kuma a cikinsu akwai kimanin 600 da jikinsu ya lalace har ba su sake komawa fagen daga ba. Abin da ya fi tsaya wa sojoji a rai a wannan tafiya ba yawan mamatan ba ne. Babu wata hanya ta fitar da wanda ya ji rauni, saboda haka duk wanda ya kasa tafiya sai a bar shi a wani ƙauye ko a gindin itace da ɗan ruwa da harsashi, ayari ya wuce. Sojan da ya san haka makomarsa za ta kasance idan harsashi ya same shi a ƙafa, da tsoro biyu yake shiga faɗa.

Tsoron kuwa yana da tushe. A watan Fabrairu na 1944, makonni kaɗan kafin tafiya ta biyu, sojojin Japan sun faɗa wa wani asibitin fagen daga a Sinzweya cikin yankin Arakan, suka kashe likitoci da ma'aikata da majinyatan da ke kwance. Alamar jan gicciye da ake ratayawa a hannu ba ta kare kowa a wannan fage ba.

Saboda haka da aka tsara tafiya ta biyu, wadda ta fara ranar 5 ga Maris 1944, an ɗora ta ne a kan jirgin sama tun daga tushe. Amurka ta ba da wata runduna ta sojan sama ƙarƙashin Kanar Philip Cochran, mai ɗauke da ƙananan jirage irin L-1 da L-5 waɗanda ke iya sauka a ɗan gajeren fili da aka share a gonar shinkafa ko a bakin rafi. An kuma kafa sansanoni masu ƙarfi a cikin daji, aka sa musu suna irin Broadway da Aberdeen, kowanne da filin da babban jirgin Dakota zai sauka. An rabo Birged ta 3 daga Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma aka ba Wingate, da nufin ta tsare waɗannan sansanoni. Bataliyoyinta su ne ta 6 da ta 7 da ta 12 na sojan Najeriya, kuma tana tare da rukunin asibitin tafi-da-gidanka na 3 na Afirka ta Yamma. Wingate ya yi alkawarin cewa ba za a bar mutanen cikin daji fiye da kwana 90 ba. Ya mutu a hatsarin jirgi ranar 24 ga Maris, kafin yawancin 'yan Najeriya su sauka, alkawarin kuma bai daɗe a bayansa ba.

Abin da ke hannun likitan ayari

Kowace bataliya an raba ta ayari biyu, kowane ayari kimanin mutum 400, da alfadaransa masu ɗaukar manyan bindigogi da na'urar sadarwa da akwatunan magani. Galibin alfadaran an yi musu aiki a maƙogwaro don kada kukansu ya tona asirin ayari. Likita ɗaya ne bisa tsari yake tafiya da kowane ayari, tare da 'yan malaman jinya kaɗan, kuma abin da alfadari zai iya ɗauka shi ne iyakar asibitinsa: bandeji, hodar salfa da ake barbaɗawa a rauni, allurar mofin ta kashe zafi, karan ɗori, ƙwayoyin atuni, ƙwayoyin tace ruwa, da mefakirin na zazzaɓin cizon sauro. Fenisilin ya riga ya fara shigowa fagen yaƙi a wannan lokaci, amma kaɗan ne ƙwarai, ba abin da likitan ayari zai dogara da shi ba ne.

A ayarin 'yan Najeriya likitan Bature ne, majinyacin kuwa Bahaushe ne ko Batibi ko Babarbare ko wani daga ƙabilun da ke jin Hausar bariki. Malamin jinya ɗan ƙasa shi ne tsakani. Shi yake jin koken soja ya isar wa likita, shi yake gane wanda ke ɓoye ciwo don kunya ko don kada a raba shi da 'yan uwansa, shi yake tsayawa da yamma ya tabbatar kowa ya haɗiye ƙwayarsa bai ɓoye ta a kunci ba. Wannan aiki ba ya shiga rahoton faɗa, amma a ganina shi ne rabin lafiyar ayari, domin likita ɗaya ba shi da idon da zai duba ƙafafu 800 kowace safiya.

Da zarar an yi arangama, aikin yana bin tsari sananne. Kowane soja yana da ƙullin bandeji a aljihunsa, abokinsa na kusa ko malamin jinya ya ɗaure raunin ya tsayar da jini, a ja shi zuwa inda likita yake, a yi masa allura, a ɗora karaya, sannan a sare gora biyu a ɗaura bargo ko shimfiɗar roba a tsakani a ɗauke shi. Mutum huɗu ne ke ɗaukar majinyaci ɗaya, kuma a hawan dutse sai an tanadi wasu huɗun da za su karɓe su. Ma'ana, rauni goma masu tsanani suna iya cire mutum tamanin daga cikin masu riƙe da bindiga. Wannan lissafi ne ya sa aka bar mutane a baya a 1943, kuma shi ne ƙaramin jirgi ya zo ya warware, domin yanzu ɗaukar ba ta wuce zuwa fili mafi kusa ba. Daga nan L-5 ya ɗauki mutum ɗaya zuwa sansani, Dakota kuma ya kwashe su da dare zuwa asibitocin Assam a Indiya. Sojan da aka harba da safe yana iya kwana a gadon asibiti kafin rauninsa ya ruɓe.

White City

A tsakiyar Maris Birgediya Michael Calvert da Birged ta 77 ta rundunar Chindit suka datse layin dogo da hanyar mota kusa da garin Mawlu, hanyar da Japanawa ke bi su kai wa sojojinsu na arewa abinci da harsashi. Laimomin da aka yi ta jefo kaya da su sun rataye a itatuwa har wurin ya yi fari fat, shi ya sa aka kira shi White City, wato Farin Birni. A farkon Afrilu 'yan Najeriya suka iso. Bataliya ta 6 ta tsare Aberdeen, ta 12 ta shiga ramukan White City, ta 7 kuma ta bi Calvert waje domin a riƙa dukan abokan gaba ta baya.

Daga 6 ga Afrilu, har kusan mako biyu, Japanawa suka yi ta kai hari kusan kowane dare, bayan sun yi ruwan igwa da yamma. Wurin jinya a cikin rami yake, an rufe shi da katakon layin dogo da ƙasa, likitoci suna aiki da 'yar fitila. Raunukan da suka fi yawa na ɓaraguzan bam ne da gurneti, irin waɗanda ke tura ƙasa da tsumman riga cikin nama, kuma a yanayi mai zafi da laima irin wannan rauni ba ya jira. Abin da aka koya tun Yaƙin Duniya na Farko shi aka bi: a yanke mataccen nama, a wanke, a barbaɗa salfa, a bar raunin a buɗe kada a ɗinke shi, a tura mutum baya da gaggawa. Matuƙan ƙananan jiragen, waɗanda yawancinsu saje-saje ne na Amurka, sun riƙa sauka da rana a filin da igwar Japanawa ke iya kaiwa, su ɗauki majinyaci su tashi.

Wata matsalar kuma ta taso daga wajen shinge. Gawarwakin Japanawa sun maƙale a waya mai ƙaya da ke kewaye da sansanin, ga nakiyoyi a binne a wurin, babu halin fita a binne su. Cikin zafin Afrilu wari ya cika wurin, ƙudaje suka yi yawa, suna tashi daga gawa su sauka a kan abinci da raunuka. An gwada ƙona gawarwakin, an kuma jefo farar ƙasa mai ƙuna daga sama aka zuba, amma ba a shawo kan abin ba. Inda ƙuda ya yi yawa haka atuni yana biye, saboda haka aikin malaman jinya ya koma na duba-gari: haƙa masai, rufe shi, tace ruwan sha, hana cin abin da aka bari a buɗe.

Duk da haka, idan aka auna da ma'aunin jinya, White City nasara ce. Sansanin bai faɗi ba, filin jirginsa bai rufe ba, kuma da aka yanke shawarar barinsa wajen 9 ga Mayu, jiragen Dakota sun sauka cikin dare sun kwashe igogi da majinyata kafin sauran sojoji su sulale da ƙafa. A cikin wannan wata na Afrilu ne ma, a wannan yanki, wani matuƙi Ba'amurke mai suna Carter Harman ya yi amfani da jirgi mai saukar ungulu ya ɗauko mutum huɗu da ƙaramin jirginsu ya faɗi, karo na farko da aka yi irin wannan ceto a fagen yaƙi.

Cuta

Janar William Slim, wanda ya jagoranci Runduna ta 14 ta Birtaniya a Bama, ya rubuta bayan yaƙi cewa a 1943, duk mutum ɗaya da aka fitar saboda rauni, an fitar da 120 saboda rashin lafiya. Zazzaɓin cizon sauro ne kan gaba. Tun da Japan ta kama tsibirin Java a 1942, inda kusan duk kwinin na duniya yake fitowa, sai aka koma ga mefakirin, ƙwaya ɗaya kullum. Tana aiki idan ba a yi fashi ba, amma tana mai da fata rawaya, kuma jita-jita ta bazu cikin sojoji cewa tana kashe mazakuta. Slim ya ɗora alhakin shanta a kan kwamandoji, ba a kan likitoci ba, har ya sauke waɗanda aka samu sojojinsu suna fashi. A rundunar Chindit wannan tsanani bai zauna daram ba. Wingate mutum ne da ya yi imani cewa ƙarfin zuciya yana rinjayar yawancin ciwo, bai kuma cika ba shawarar likitoci muhimmanci ba, alhali shi kansa ya kwanta da zazzaɓin taifot a 1943 bayan ya sha ruwan tulun furanni. Ban da haka, ayarin da ke tafiya kullum ba ya iya kafa gidan sauro kowane dare, kuma idan jirgin kaya ya kasa zuwa, ƙwayar ma yankewa take yi.

A nan 'yan Afirka ta Yamma sun ɗan fi Turawa sa'a. Sun tashi cikin zazzaɓi tun suna yara, jikinsu ya saba da shi gwargwado. Bayan shekara talatin kuma masana suka gano cewa yawancin mutanen yankinmu ba su da wani sinadari a jikin jajayen ƙwayoyin jini wanda nau'in zazzaɓin da ake kira bibas yake bi ya shiga, nau'in da ke kwanciya a hanta ya riƙa dawowa. Amma wannan bai kare su daga sauran cututtukan ba. Atuni bai bar kowa ba, haka shawara. Matsattsaku suna shiga ta ramin igiyar takalmi, inda suka ciza kuma ya zama gyambo. Ƙafar da ta yi kwanaki cikin jiƙaƙƙen takalmi tana saɓulewa, soja yana ɗauke da kaya kusan kilo 30 a bayansa. Abincin da aka dogara da shi, ƙunshin gwangwani da biskit na sojan Amurka, an yi shi ne don 'yan kwanaki, sai ga shi ana cinsa wata da watanni, mutane suna ta zubewa.

Mafi ban tsoro shi ne wani zazzaɓin daji da wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin kaska ke kawowa, wanda ke zaune cikin dogayen ciyayi na tsofaffin gonaki, daidai irin wurin da gajiyayyen ayari zai so ya yada zango. Alamarsa baƙin tabo inda ƙwaron ya ciza, sai zazzaɓi mai zafi na mako biyu, da ciwon kai da gushewar hankali. A 1944 ba shi da magani. Sai a 1948 aka gwada kuloramfenikol a Malaya aka ga yana warkar da shi. Abin da malamin jinya yake da shi kawai shi ne ruwa da jiƙaƙƙen tsumma da juya majinyaci, kuma abin da mai wannan ciwo ya fi bukata shi ne kwanciya wuri ɗaya, abin da ayari mai tafiya ba zai iya ba shi ba. Birged ta 14 ta rundunar Chindit, wadda ta yi tafiya kusa da 'yan Najeriya zuwa arewa, ta yi asarar mutane da yawa ta wannan hanya.

Damina

Ruwa ya sauka a tsakiyar Mayu, kuma ruwan da ke zuba a wannan yanki a shekara ya ninka na Zariya. Filayen da aka share a gonakin shinkafa suka koma abin da suke tun asali, wato fadama. Gajimare ya rufe duwatsu, ƙananan jirage suka kasa sauka. A daidai wannan lokaci aka mai da rundunar Chindit ƙarƙashin Janar Joseph Stilwell na Amurka, wanda hankalinsa ke kan kama garuruwan Mogaung da Myitkyina, ya kuma ɗauke ta kamar sojan ƙasa na yau da kullum, alhali ba ta da manyan igogi ko motocin yaƙi.

An kafa sabon shinge mai suna Blackpool kusa da garin Hopin, Birged ta 111 ta rundunar ta tsare shi. Japanawa suka kawo igogi har da na harbo jirgi, suka rufe filin saukarsa, ranar 25 ga Mayu kuma dole aka bar wurin. John Masters, hafsan da ke riƙe da birged ɗin, ya rubuta da hannunsa daga baya cewa likitansa ya nuna masa mutum 19 da raunukansu suka wuce magani, babu kuma isassun masu ɗauka, sai ya ba da umarni a harbe su don kada su faɗa hannun abokan gaba da ransu. Tsakanin daren da aka kwashe majinyatan White City cikin jirgi da wannan rana bai fi kwana goma sha shida ba. Likitocin ba su canja ba, akwatunan maganin ma haka. Filin jirgi ne babu.

Sauran masu raunin an bi da su ta kan duwatsu zuwa yamma, wajen tafkin Indawgyi, kuma sojojin Najeriya da ke tsare mashigan duwatsun suna cikin waɗanda suka taimaka wajen ɗaukarsu. Hanyar taɓo ce mai santsi a gefen dutse, sai an sassare matakala kafin a taka, alfadarai suna zamewa su faɗa kwazazzabo da kayansu. A irin wannan wuri ɗaukar majinyaci gwaninta ce. Dole na gaba da na baya su daidaita taku, dole gadon ya tsaya a miƙe ko da hanya ta karkace, domin girgiza ɗaya tana iya buɗe raunin da aka sha wahalar tsayar da jininsa. Mutumin da ya tashi yana ɗaukar dami a ka daga gona ya san yadda ake riƙe nauyi a tafi da shi ba tare da ya yi tangaɗi ba, kuma yawancin sojojin nan 'ya'yan manoma ne.

A bakin tafkin majinyata suka taru ɗari bisa ɗari. Mafitar da aka samu ta ruwa ce. Sojan saman Birtaniya ya kawo manyan jirage biyu masu sauka kan ruwa, samfurin Sunderland, daga tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yau. Suna tashi daga kogin Brahmaputra a Dibrugarh, su ƙetare duwatsu cikin gajimare, su sauka a Indawgyi, a kai musu majinyata cikin ƙananan jiragen ruwa. Cikin Yuni da farkon Yuli sun fitar da fiye da mutum 500. Injiniyoyin soja kuma suka harhaɗa kwale-kwale da gora suka sa musu inji, suka riƙa gangarawa da wasu ta rafin da ke fita daga tafkin zuwa Kamaing, bayan sojojin Sin, waɗanda su ma ke yaƙar Japanawa, sun kama garin a tsakiyar Yuni. Dabaru ne masu kyau, amma kwasar ba ta kai yawan masu kwantawa ba, domin ayarin da ke cikin daji suna ƙara turo marasa lafiya kullum.

Inda alhakin yake

Kwana 90 ɗin da aka yi alkawari ya cika wa birged ɗin farko tun Yuni. Kwamandojin suka yi ta roƙo a fitar da mutanensu, Stilwell yana ganin raki ne. Sai a Yuli aka yarda likitocin Birtaniya da na Amurka su duba sojojin Birged ta 111 ɗaya bayan ɗaya. Daga cikin kimanin mutum 2,200, waɗanda aka samu da sauran ƙarfin yaƙi ba su kai 120 ba. Ba wani sabon abu binciken ya gano ba, abin da likitocin ayari suke ta faɗa ne tun makonni, sai dai maganar kyaftin ɗin jinya ba ta da nauyi a teburin janar sai an kafa mata kwamiti.

Hukuncin da nake gani ya dace shi ne cewa tsarin fitar da masu rauni ta sama ya yi abin da aka yi shi dominsa, amma an gina shi a kan rani, ba a yi masa wani tanadi na damina ba, don an ɗauka kafin ruwa ya kankama mutanen sun fito. Rigakafin cuta kuwa an raina shi tun daga horo. Sauran Runduna ta 14 a daidai wannan shekara ta kafa wuraren jinyar zazzaɓi kusa da fagen daga, inda soja ke warkewa cikin 'yan makonni ya koma bataliyarsa maimakon a kai shi can tsakiyar Indiya, kuma yawan masu kwantawa ya ragu ƙwarai daga abin da aka gani a 1943. Rundunar Chindit, da take can bayan sahun abokan gaba, ba ta ci wannan moriya ba.

Birged ta 3 tana cikin na ƙarshen fita. Ta ci gaba da faɗa a kwarin layin dogo har zuwa farkon Agusta, inda ta yi gumurzu a tudun da ake kira Hill 60, kafin Runduna ta 36 ta Birtaniya ta karɓi fagen. A wannan wata aka kwashe ta zuwa Indiya. Rundunar Chindit baki ɗaya ta rasa kusan mutum 1,400, fiye da 2,400 suka ji rauni, kuma fiye da rabin waɗanda suka fito sai da aka kwantar da su a asibiti ana ba su abinci na musamman. A Fabrairu na 1945 aka rushe rundunar, Birged ta 3 kuma ta koma cikin Runduna ta 81.